KADA MAI TARI YA FARKA

Shafi na 6

Masu turo min “ina ci gaba, Malam?” tun da sassafe, na gan ku. Har da wadda ta rubuto cewa in ban saki shafin nan ba za ta daina bina. Baiwar Allah, mutumin da ake shirin kora daga dangi ba ya jin irin wannan barazanar.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni malamin tarihi ne a sakandare. Wasu mazan in sun kai shekaruna tattabaru suke kiwo, ni tsofaffin kwamfutoci nake kiwo a ɗakin ajiyarmu. Uku ne, na jera su ɗaya kan ɗaya a wani lungu. Gurgu ne a sama, ƙafarsa ɗaya ta karye, littafi ke tallafe da shi. Makaho a tsakiya, fitilar gabansa ta mutu. Mai Tari a ƙasa, shi ne tsohon cikinsu, in fankarsa ta tashi sai ka rantse dattijo ne ya shaƙi barkono. Na haɗa su suna aiki kamar abu guda. Duk abin da na ajiye, kowannensu na riƙe da kwafi. In suka saɓa, masu rinjaye ke da gaskiya.

A cikinsu muryar marigayi surukina take. Ya naɗe ta a waya lokacin da yake kwance a asibiti, yana tsokanar matarsa, yana lallashinta. Wayar ta daɗe da ɓata. Inna kuwa, surukata, mantuwar tsufa ta kama ta. Ba ta cin abinci, ba ta shan maganin sukarinta, sai ta ji muryarsa daga ’yar lasifikar da na maƙala mata a ɗaki.

Jiya da hantsi na sabunta manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin. Tun jiya da hantsi lasifikar ba ta ce uffan ba.

Mun tsaya a inda motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida.

*

Yaya yayan matata ne, ma’aikacin jinya mai ritaya. Shekaru ya yi yana tsira wa mutane allura, har yanzu kallon da yake wa kowa kenan, kamar yana neman jijiya.

Bai gaishe ni ba. Ɗakin Inna ya wuce da ’yar jakarsa, matata a bayansa, ni a bayan matata, inda na fi dacewa.

Inna na zaune bakin gado. Kofin shayin jiya na nan a kan tebur, ya yi yana. Ƙwayoyin maganin na kan ɗan faranti kamar yadda aka ajiye su.

“Inna, kun tashi lafiya?” na ce.

Ta dube ni sama da ƙasa.

“Mai gyaran rediyo ne?”

“Ni ne, Inna.”

Ta manta ni ne mijin ’yarta. Ban taɓa gyara mata ba, don a gaskiya muƙamin da ta ba ni ya fi wanda nake da shi daraja.

“Ka ce masa ina jira. Shi da bai taɓa makara ba. Direban jirgin ƙasa ne fa.”

Yaya ya huda mata yatsa, ya ɗiga jinin a ’yar na’urarsa. Ya dubi abin da ta nuna. Bai faɗa ba. Ya juya ta ya nuna wa matata, na ga leɓenta ya motsa.

“Inna, ki daure ki sha ko guda ɗaya,” ya ce.

“Kai wa ya aiko ka?”

“Ni ne babban ɗanki.”

“To babban ɗana, in ubanka ya ce in sha, zan sha.”

Ta ja mayafinta ta juya wa bango fuska.

A baranda Yaya ya tsare ni. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi samun sauƙi.

“Farfesa.”

Haka yake kirana in ya ga dama ya yanka ni a hankali.

“Na’am, Yaya.”

“Ina muryar mahaifina?”

“Tana nan. Wato… ana kan aiki.”

“Ranar da na ce ka zuba min ita a wayata me ka ce?”

Matata ta taimaka min, Allah ya saka mata.

“Cewa ya yi ba buƙata. Wai ko gidan nan ya nitse, kwafi uku gare shi.”

“Kwafi uku,” Yaya ya maimaita. “To ba ni ɗaya.”

Na dubi silifas ɗina.

“Ka saurara. In rana ta take ba ta ci ba ta sha ba, asibiti zan kai ta. Ka san abin da asibiti yake a wurinta. Can ta shiga da mijinta ta fito ita kaɗai. Ɗaure ta za a yi kafin a sa mata ruwa. Kuma kai za ka riƙe min hannunta, don ka gani da idonka.”

Na fara haɗa kalmomin roƙo.

Sai wayata ta yi ƙara. Dogo ne. Tun jiya nake nemansa, yana kan hanya ba sabis. Shi ne babban gwanin ƙungiyarmu ta masu kiwon tsofaffin kwamfutoci, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ban ma san ko dogon ne da gaske ba. Na ruga ɗakin ajiya na rufo ƙofa.

“Malam, kiranka ya cika min waya. Wa ya mutu?”

“Ni ne, saura a sanar.”

“Me ka taɓa?”

“Sabuntawa kawai na yi.”

“Daga wace siga zuwa wace?”

“Daga ta sha huɗu zuwa ta sha bakwai.”

Dogo ya ja tsaki.

“Ka bi ta sha biyar da sha shida?”

“Su ma ana bi ta kansu?”

“Inna lillahi. Malam, matakala ce! Ka taɓa ganin wanda ya hau bene da tsalle ɗaya? Kowace siga tana sake tsarin ajiyar kaɗan ta miƙa wa ta gaba. Ta sha bakwai ba ta san yaren ta sha huɗu ba. Ba ka karanta gargaɗin ba?”

“Ya yi tsawo.”

“Kai da kake sa yara haddace sarakunan da suka mutu.”

“Dogo, ka zage ni gobe, zan kawo kujera. Yanzu me zan yi?”

Ya sa na karanta masa abin da ke kan allo. Gurgu da Makaho sun hau sabuwar siga, suna ta gaisawa da juna cikin jin daɗi. Sun buɗe ma’ajiyar sun ga rubutun da ba su gane ba, sai suka yanke hukunci irin na jahili mai ƙarfin hali: tunda ba mu gane ba, babu komai a ciki. Inda muryar take, yanzu fili ne fetal.

“A mayar da su baya mana,” na ce.

“Ba ta komawa. Sun riga sun sake shimfiɗa. Kada ka kashe su, kada ka girgiza su, wataƙila daga baya a tono wani abu. Wataƙila. Ina na ukun?”

“Mai Tari ya rasu.”

“Kamar yaya?”

“Tun da na tura umarnin bai amsa ba. Na danna, na danna, ko tari. Sabuwar sigar ta fi ƙarfin zuciyarsa.”

“To in haka ne, Malam…” Ya ja numfashi. “Ka fara neman kalmomin da za ka faɗa wa iyalinka.”

Na zauna a kan bokitin fenti. Malamin tarihi ya goge tarihi. Abin da za a rubuta kenan, in ma an damu a rubuta.

Ƙofa ta buɗe a hankali. Matata ce. Ta shigo ta jingina da ita. Na zaci faɗa ta kawo, na ma gyara wuya. Amma hannunta na ta murɗa bakin zanenta, abin da ban ga ta yi ba tun muna sabon aure.

“Baban yara.”

“Na’am.”

“Wannan na ƙasan, mai tarin nan. Wayar wutarsa ce ka fitar ta taga ka kai soket ɗin baranda?”

“Ita ce. Soket ɗin nan ba ya ɗaukar uku.”

“To… ni fa ina zare ta.”

“Kina me?”

“In zan yi guga. Soket ɗin barandar ne kaɗai ba ya zafi. Ina gamawa nake mayarwa, ba ka taɓa ganewa ba.”

“Tun yaushe?”

“Tun da ka sa ta.”

Wato duk lokutan da na kwana biyu ina bincike a kan me ke sa Mai Tari suma ranar Asabar, har na rubuta wa ƙungiya dogon bayani a kan zafin ɗaki, har aka yaba min, dutsen guga ne.

“Jiya ma na zare,” ta ce. “Da safe, kafin ka shiga. Sai Inna ta kira ni, na manta. Yanzu na gan ta a bayan kwandon wanki. Ni na kashe shi ko? Ni na ɓatar da muryar Baba?”

Hawaye ya zubo mata. Daga cikin wayar da ke hannuna sai ga ihun Dogo.

“Malam! Malam! Sa ni a fili kowa ya ji! Hajiya, da safe kika zare? Kafin ya tura umarnin?”

“Kafin ya gama shayinsa ma.”

“Allahu akbar. Malam, ka yi wa matarka godiya a durƙushe. Mai Tari bai mutu ba, barci yake. Umarninka bai same shi ba. Yana nan kan ta sha huɗu, da komai a cikinsa.”

“Muryar?”

“Duka. Kai tun jiya ba ka duba ko akwai wuta ba?”

Jama’a, kada wanda ya tambaye ni wannan a ƙasan rubutun nan. An riga an tambaye ni.

Matata ta share ido, ta juya za ta fita.

“Bari in mayar da ita yanzu!”

“A’A!”

Ni da Dogo muka faɗa tare. Ta daskare da hannu a kan ƙofa.

“Hajiya, kada ki kuskura,” in ji Dogo. “Malam, ka saita shi ya tashi da kansa in wuta ta zo?”

“Na saita.”

“To ku ji da kyau. Yana farkawa zai nemi ’yan’uwansa. Su biyu ne, shi ɗaya. Za su ce masa ma’ajiya babu komai, kai ne ka ruɗe. Shi kuma an gina shi ya bi rinjaye. Zai fara share nasa don ya yi daidai da su.”

“Ko da shi ne mai gaskiya?” matata ta tambaya.

“Ba ya duba gaskiya, Hajiya, hannu yake ƙirgawa.”

Na dubi Mai Tari a can ƙasa, ya yi lamo cikin ƙura. Duk abin da ya rage na muryar mutum guda a duniya yana cikin wannan akwatin da na saya a wurin masu gwangwan.

“Ga yadda za a yi,” Dogo ya ci gaba. “Ka raba shi da su tukuna. Zare wayar da ke haɗa shi da sauran. Sannan a ba shi wuta, ya tashi shi kaɗai kamar maraya. Ka sa filashi ka kwashe muryar, ka zuba a waya, ka kai wa tsohuwa.”

“Lasifikar ɗakinta fa?”

“Ba za ta yi magana ba, ai ta cikin akwatin da ke haɗa wayoyinsu take samu. Shirunta shi ne shaidar ka raba su. Hannunka zai kai bayansa?”

Ba zai kai ba. Bayansa na manne da bango, ga Makaho da Gurgu a kansa, ga umarnin kada a girgiza su. Amma wayoyin duka sun bi ta bayan kabad sun fito a ɗan akwatin haɗin da ke kan shiryayye. Biyar ne, duk shuɗaye, duk iri ɗaya: uku na kwamfutocin, ɗaya ta lasifikar Inna, ɗaya ta firinta.

A nan ne na ɗan ji ƙafata ta taɓa ƙasa. Domin ni mutum ne mai tsari. Tun ranar farko na ɗaura wa kowace waya ƙyalle daga ragowar ɗinkin matata. Ja na Mai Tari ne.

“Ina da alama,” na ce, har da ɗan gyaran murya.

“Madalla. Ashe wani lokacin kana tunani. Batirina na kuka, Malam, yi sauri.”

Daga ɗakin Inna Yaya ya kira matata. Ta fita da gudu. Na bi ta da ido, sannan na juyo na kama wayar mai jan ƙyalle. Na danna ɗan harshenta, na zare.

“Na cire.”

“Ka tabbata?”

“Ga ta a hannuna.”

“To a ba shi wu…”

Ɗif. Wayar Dogo ta mutu.

Na leƙa ta taga. Yaya ya fito baranda, makullin mota a hannunsa.

“Farfesa, ta fara gumi, hannunta na rawa. Ba zan jira rana ta take ba.”

“Yaya, don Allah, ɗan lokaci kaɗan. Ga wata baƙar waya nan bayan kwandon wanki. Jona min ita a soket.”

“Wannan?”

“Ita.”

“Abin da ya hana tsohuwa cin abinci tun jiya kenan? Filogi?”

“Zan yi bayani.”

“Za ka yi kam.”

Ya sunkuya. Na ji ƙarar shigarta.

Shiru.

Sai ga shi. Ƙoh. Ƙoh-ƙoh. Khrrrr.

Ban taɓa jin tari mai daɗin wannan ba. Na durƙusa a gabansa ina ce masa sannu, sannu dattijo, yi a hankali. Na juya allo zuwa gare shi. Rubutu ya fara gangarowa, layi bayan layi, da saurin tsohon da ke saka takalmi. Siga ta goma sha huɗu. Na kusa sumbatar gilashin.

Na buɗe ma’ajiyar. Ga saƙonnin muryar nan a jere. Na safe. Na magani. Na barci. Na in ta yi fushi. Labarin ranar da jirgi ya tsaya don akuya. Duk suna nan.

Na shiga laluben filashi. Kun san halin filashi, kullum yana cikin aljihu sai ranar da ake nemansa. Na zazzage gwangwanin kusoshi, na juye aljihun tebur, na same shi a cikin tsohon takalmi. Ban san yadda ya je can ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Ina ƙoƙarin cusa shi, ta wannan fuskar bai shiga ba, ta waccan bai shiga ba, sai na ji wani abu daga can cikin gida.

’Yar ƙara, kamar an taka busasshen ganye.

Sannan murya. Babba, mai kauri, irin ta wanda ya saba magana a kan ƙarar inji.

“Ke sarauniyar gardama! An tashi?”

Matata ta saki wata ƙara, rabi kuka rabi dariya. Na ji takun Yaya yana gudu, shi da ban taɓa ganin ya yi sauri ba.

“Ga shi nan!” muryar Inna ta fito tar. “Na ce muku ba ya makara. Sai yanzu, malam direba?”

“Miƙo mata ruwan,” Yaya ke cewa. “Miƙo burodin tukuna, ta fara cin wani abu.”

Ni ma na yi murmushi. Na rantse na yi. Ya kai tsawon numfashi ɗaya a fuskata.

Sannan maganar Dogo ta dawo min.

Shirunta shi ne shaidar ka raba su.

Na dubi wayar da na zare, tana kwance a cinyata da jan ƙyallenta. Na ɗaga kai na dubi akwatin haɗin. ’Yan fitilu huɗu, kore shar, suna ƙifta ido da sauri kamar masu gulma. Na waiga. Firinta, wadda ba ta taɓa yin shiru da ƙorafi ba, ta kunna jar fitila: ba ta da haɗi.

Matata ta faɗo ɗakin, fuskarta jiƙe, tana dariya.

“Baban yara, ta karɓi burodin! Tana ci! Allah ya yi ma…”

Ta ga fuskata. Ta ga abin da ke cinyata.

“Ƙyallayen nan,” na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce. “Kin taɓa su?”

“Waɗannan? Ai sun yi baƙi da ƙura. Na kwance na wanke su tun watan jiya.”

“Kika mayar…”

“Na mayar mana. Kowace waya da nata.” Ta tsaya. “Akwai wanda ya kamata ya je wani wuri ne?”

A kan allo wani sabon layi ya fito. Mai Tari ya ga ’yan’uwansa. Sun gaisa. Sun faɗa masa.

Jerin ya motsa. Labarin akuya, wanda ke can ƙasa, ya ɓace ina kallo. Na samansa ya bi shi.

Na miƙe na kai hannu kan akwatin. Wayoyi huɗu, duk shuɗaye, kowace da ƙyallen ƙarya. Biyu na maƙaryatan ne. Ɗaya ta Mai Tari. Ɗaya ta Inna. In na fizge duka, abin da ya rage ya tsira, kuma muryar ta yanke a tsakiyar magana. In na tsaya canka, ban san wa zan kashe ba.

Daga ɗakin, marigayi na cewa, “To ɗauki ƙwayar nan. Kada ki sa in sauko daga jirgin nan. Ɗauki, ina kallonki.”

“Na ɗauka, sarkin faɗa,” in ji Inna.

Wani layin ya ɓace.

“Farfesa!” Yaya ya ɗaga murya, karo na farko a yau. “Ko me kake yi a can, kada ka taɓa komai! Ta kai maganin baki!”

Matata ta riƙe min hannun riga. Idonta na kan allo. Ta ga abin da nake gani.

Sunan da ke biye a layin sharewa shi ne: Na magani.